Malam Bawa da Fil ɗin Tsakiya

Duk wanda ya taɓa kai wa Malam Bawa aiki a shagonsa na buga takardu a Kaura ya san ba ya karɓar filashin kwamfuta da hannu biyu. Da yatsu zai ɗauka kamar mataccen ɓera, ya jujjuya, sannan ya dube ka ta saman tabarau. "Wa yat taɓa shi bayanka?"

Abokina ne tun muna samari, amma ko ni bai taɓa yarda da ni ba. Kwamfutarsa ma bai yarda da ita ba. Cewa yake munafuka ce, ta nuna maka shuɗi tas, inji ya fito da ruwan makuba.

Shekarar da islamiyyarmu ta Shinkafi ta yi walimar sauka, ni aka ɗora wa ɗan littafin taro. Na tsara shafi sha huɗu, na shigo mota da addu'a a bakina, don kun san halin hanyar. Bawa ya buɗe fayil, ya ɓata rai.

"Ina sauran biyun?"

"Waɗanne biyu?"

"Takarda in an naɗe ta, shafi huɗu taka ba ka. Ko sha biyu ko sha shidda. Malam Sani, hwaɗi gaskiya, ɗiyan wa kac cire?"

Na rantse ban cire kowa ba. Ya ce to in cike gurbin da addu'o'i, amma shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Da ya ga rubutu ya matso bakin shafi kuwa, sai ya ce da gangan na kai sunan shugaban makaranta inda wuƙar yanka za ta ci. "Kujera tai kaka so, ko?"

Babbar rigimar a kan hoton tsakiya aka yi ta, hoton ɗalibai mata da ya cika shafi biyu. Walima saura kwana kaɗan, ina roƙonsa ya buga in kama motar yamma. Shi ko ya buga gwaji guda, ya naɗe, ya danna sitefila, ya buɗe a gabana. Fil ɗin sitefilar ya sauka daidai kan hancin wata yarinya, Hadiza daga Badarawa.

"Mi uban ɗiyag ga yay yi ma?"

"Bawa, ban ma san uban ba."

"Haka duk kuka cewa."

Ya ƙi bugawa. Ya matsar da hoton, fil ya koma kan kunnen wata. Ya sake matsarwa, ya sake gwaji, har fil ya faɗa tsakanin kafaɗun yara biyu. Mota ta tafi ta bar ni, na kwana a Kaura ina tsine wa taurin kansa.

Bara da damina Allah ya yi wa Bawa rasuwa, bayan mun rufe shi wata mata ta same ni a makaranta. Uwar Hadiza ce. Zazzaɓi ya ɗauke yarinyar, kuma ba su da hotonta ko ɗaya. Na ɗauko littafin na buɗe mata tsakiya. Ta daɗe tana shafa fuskar da yatsa, ni kuma na juya baya don hawaye sun zo mini.

Ya Allah, bawanka Bawa bai yarda da kowa ba sai Kai. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, shi da Hadiza. Amin.