Saifar Saniyar Maigari

Ban taɓa kama sunan mijina ba yana raye, don ba haka aka tarbiyyantar da mu ba. Yau kam zan kama shi, da ƙarfi ma: Barmo. Barmo mahaucin Falanko. Wanda abin bai yi wa daɗi ba ya zo ya same ni, sunana Yagana, gidana bai ɓata ba.

Mutum ne mai kauri, marar yawan magana, kullum yana ƙanshin kitse da hayaƙi. Fawa gadonsa ce. Abin da ubansa ya koya masa tun yana riƙe ƙafar akuya shi ne, in ka buɗe ciki, kafin ka dubi hanta ko tsoka, dubi saifa. Shekara talatin yana fiɗa a kasuwar nan, ba wanda ya taɓa cin namansa ya kwana da ciwon ciki. Tsofaffin da ba su da ko anini sun san inda za su sami ƙashin miya. Duk wannan, a mako guda garin nan ya manta da shi. Kai, mutane!

Shekarar da Nasara suka kwashe gwamna daga Damagaram suka kai Yamai ne, da bazara, kafin ruwan fari. Babbar saniyar Maigari ta faɗi a gindin rijiya, jini yana fita ta hanci. Kun san halinmu: dabba ta faɗi, ba mai tambayar me ya kayar da ita, kowa wuƙa yake nema kada ta zama mushe. Aka yi bismilla aka yanka, aka yi ta murna an cim mata da rai. A daren jiyan kuwa an yi wa Maigari jika, sai ya ce shi ke nan, a yanyana a shanya, naman suna ya samu. Aka aiko a kira Barmo ya feɗe.

Ya feɗe, ya buɗe ciki, sai ya ja da baya. Jinin baƙi ƙirin, ya ƙi daskarewa. Saifar ta kumbura ta kai tsawon damtse, da ya taɓa ta sai ta narke a hannunsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ciwon saifa ne. A haƙa rami a ƙone ta, har fatar."

Maigari ya ce, "Naman da aka ambaci sunan Allah a kansa? Barmo, ko dai don ba a wurinka zan sayi naman sunan ba?"

Ku ji fa! Mutumin da ya yi shekara talatin yana aika wa gidan nan da hanta kyauta.

Ranar akwai baƙo a garin, Alhassan, ɗan Ollelewa, yana koyon likitancin dabbobi a hannun wani Nasara a Damagaram, an turo shi ƙidayar shanun da za a yi wa allura. Shi ya shiga tsakani. Ya fito da ɗan gilashi mai faɗin yatsu biyu, ya shafa jinin a kai, ya yanki kunnen saniyar ya jefa a kwalba. Ya ce can Damagaram suna da madubi mai nuna ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Da an ɗiga wa gilashin shuɗi an leƙa, kafin la'asar an san ko mece ce. Kwana uku zuwa a raƙumi, uku dawowa da takardar sakamako.

Maigari ya ce, "To. In takarda ta zo kafin suna ta ce cuta ce, na ƙone. In ba ta zo ba, nama ya shiga tukunya, kai kuma Barmo ka san abin da za ka gaya wa jama'a."

Barorinsa suka yanyana naman suka rataya a igiya. Ikon Allah, su ko ƙurji bai fito musu ba. Barmo ne ƙaya ta taɓa karta a wuyan hannu, kuma ta nan jinin ya shiga. Kwana uku sai ga ƙurji mai baƙin kai kamar gawayi, ba zafi, sai kumburi. Ya dube shi ya ce mini, "Yagana, kin ga takardata ta riga ta Damagaram zuwa." Na ce mu je mu nuna wa Maigari. Muka je. Maigari ya ce miki ne, kowa yana yin miki.

Kwana na shida na wuni a bakin hanyar Damagaram. Ko ƙurar raƙumi ban gani ba.

Ran suna da hantsi, mata sun girka tukwane, Barmo ya ce in tara kara a tsohon ramin da ake haƙar ƙasar gini in cinna. Na cinna. Ya shiga gidan Maigari ido na ganin ido, hannu guda a kumbure, ya tsinke igiyoyin, ya tattara naman a cikin fatar, ya saɓa a kafaɗa ya kawo ya jefa a wuta. Ya tsaya a bakin ramin da sanda har ya ƙone ƙurmus. Sa'an nan ya ajiye sandar, jama'a suka rufe shi da duka.

Ɓarawo, suka ce. Mai hassada. Maigari ya karɓe wuƙarsa a gaban jama'a, ya ce kada ya sake yanka ko kaza a Falanko. Aka yi suna da ɗan akuya, baƙi suka koma suna gunaguni.

Ga abin da yake cin raina har gobe. Da yake ba wanda ya ci naman, ba wanda ya mutu. Da yake ba wanda ya mutu, sai suka ce ai dama lafiyayye ne. Da kumburin ya hau wa Barmo har ƙirji, sai suka ce alhakin saniyar Maigari ne ya kama shi. Ya cika a kwana na goma sha ɗaya, yana tambayata ko yaron nan ya dawo. Mutum bakwai suka raka shi makabarta. Na ƙirga su ta kan danga.

Sai a kwana na goma sha shida Alhassan ya iso. Gidanmu ya fara sauka, da takarda a hannu, yana cewa, "Inna, ina Baba? Gaskiyarsa ce!"

Na ce, "Kwana shida ka ce."

Ya sunkuyar da kai. Wai ranar da ya isa malamin nasu ya leƙa madubin, ya gyaɗa kai, ya ce an daɗe ba a samu sabo mai kyau irin wannan ba. Bai faɗi ko mene ne ba. Sai ya rubuta wa gilashin lamba, ya tara ɗalibansa su takwas, ya ce darasin makon ke nan: kowa ya gano sunan ƙwayar da kansa. Su rina ta, su shuka ta a romon nama su ga yadda take tsiro, su yi wa ɓera allura su jira ya mutu. Alhassan ya ce akwai nama a rataye a Falanko. Malamin ya ce ba zai sa hannu a takarda ba sai darasi ya ƙare, wanda ya tafi kuma ya bar lakwal, wato makarantar tasu, ke nan.

Tun ranar farko mutumin nan ya sani. Ya sani! Mijina yana kumbura a kan tabarma, su suna can suna jiran ɓera.

Na ce, "Me kuka gani a madubin?"

Ya ce, "Ƴan sanduna, Inna, a jere, gaɓa-gaɓa kamar karan dawa. Ni na fara ganowa."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari."

Aka karanta takardar a ƙofar Maigari. Jama'a suka yi ta salati, kowa yana lissafin ƴaƴansa da suka so cin naman nan. Maigari ya ce Allah ya rufa mana asiri. Shi ke nan abin da ya faɗa, wallahi, ko sunan Barmo bai ambata ba. Da yamma ya aiko mini da wuƙar a cikin tsumma. Na mayar masa, na ce mai ita ya tashi daga gidan.

Alhassan ya biyo ni yana ba da haƙuri. Ban kula shi ba, sai na kama hannun rigarsa na ja shi har bakin makabarta, inda mata ba sa wucewa. Na nuna masa sabon tudun da aka rufe da ƙaya.

Na ce, "Ga shi can. Kullum yana tambaya ko ka dawo. Shiga ka karanta masa, da ƙarfi, ina nan tsaye ina ji."