Darasin Tilas Ranar Shuka

A makarantar ƙauyenmu, gabas da Makoɗa, na yi gwajin koyarwa. Sau ɗaya tak malamar kwalejinmu za ta zo ta ga darasina, in ba ta gamsu ba sai na maimaita shekara. Darasin kuwa na ƙananan kalmomin nan ne na Turanci: can ta iyawa, may ta izini, should ta abin da ya kamata, must ta tilas. Sati biyu ina bitar su, har akuyar Inna ta kusa haddacewa.

Ranar da malamar za ta zo, da asuba, aka sheƙa ruwan shuka. Ni ɗan manomi ne, amma tsabar zumuɗi ya mantar da ni abin da kowa ya sani: ranar irin wannan ruwa ba mai zuwa boko. Na tarar da yara uku a aji. Na leƙa taga, na duba agogo, na goge allon da ba komai a kai. Zama ya gagare ni, na bazama gonaki da alli a aljihu.

Ko'ina sara ake da sungumi, yara na biye suna zuba iri suna binnewa da ƙafa. Na roƙi wannan, na roƙi wancan. Wani dattijo ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Malam, laimar nan zuwa azahar ta tafi. Turancin naka ai yana nan gobe."

Na wuce ta gonarmu raina a ɓace. Baba shi kaɗai ne, yana sara yana dawowa yana binnewa. Ya ce, "Yara nawa kake so?"

"Ko ashirin, Baba."

"Koma ajinka."

Ina komawa mai babur ya sauke malamar. Na fara da yara ukun. Sai ga wasu suna shigowa biyu-biyu, ƙafafu duk laka, har benci ya cika. Na ce a ba ni misali da must, wata yarinya ta ce tilas ta koma gona kafin rana ta take. Malamar ta yi murmushi ta rubuta wani abu. Da ta tashi tafiya ta ce na ci.

Na nufi gona da gudu in ba Baba labari, ban same shi ba. A gonar maƙwabci na hango shi da ƙwaryar irin shukar mutane a hannu. Ashe gona-gona ya bi, ya ce a sakar mini yaran, shi zai yi musu binniyar.

Kunya ta kama ni. Tamu gonar ko rabi ba a yi ba, ƙasar har ta fara fari.

Ya share gumi ya ce, "An ci?"

Na ce, "An ci, Baba."

"Madalla. Tamu sai wani ruwan."