Minti Ɗayan Inna Mai Agogo

Bakwai da rabi ba ta cika sai ta buɗe ƙaramin asibitin unguwa. Ɗaki biyu ne da baranda, benci uku, da sikelin awon jarirai rataye a ƙusa. Firjin allurar rigakafi take fara dubawa, sannan ta kwance agogonta mai tsagaggen gilashi ta ajiye kan tebur. Shekara talatin da ɗaya ke nan haka take yi, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye aiki. Ba likita ba ce, jami'ar lafiya ce, amma kaf unguwar Inna Mai Agogo ake ce mata.

Sunan ya fito ne daga wata ɗabi'a da ta sha jawo mata tsaki. Duk yaron da aka kawo da tari, sai an ɗage masa riga, ta zuba wa ƙirjinsa ido, ta ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur. In ya yi kuka ta jira ya yi shiru, ta sake daga farko, masu layi na ta gunaguni. Wani direba ya taɓa ce mata, "Inna, ko injin mota ba a saurarensa haka." Ko kallonsa ba ta yi ba ta ce, "Inji ana sayen wani, ɗan nan. Zauna."

Matar wani tela a unguwar ta fi kowa sanin amfanin wannan minti. Ɗanta na fari a gadon babban asibiti ya rasu da ciwon huhu, bayan an kwashe mako ana ɗura masa maganin tari a gida. Da 'yarta mai shekara biyu ta fara tari, sai ta kawo ta wajen Inna. Inna ta ƙirga, ta samu hamsin da biyu.

"Wannan ba mura ba ce, 'yar nan," in ji ta. "Huhu ya fara taɓuwa, amma mun tare shi da wuri."

Ta ba da maganin kwana biyar, ta sa uwar ta ƙirga numfashin da kanta har sau uku, ta ce su dawo bayan kwana uku. Ba su dawo ba. Da wata jami'ar ce, da ta ce ai ta yi nata. Inna kuwa tana tashi aiki ta taka cikin rana har gidan tela. Ta tarar da yarinyar tana wasa, kwalbar magani rabi a kan taga.

"Ai ta warware, Inna."

"Zazzaɓin ne ya sauka, ciwon yana nan. So kike ki sake zaman jinya a barandar babban asibiti?"

Matar tela ta fashe da kuka. Aka ƙarasa maganin, yarinyar ba ta taɓa kwana a asibiti ba.

Har likitan ɗakin yara na babban asibiti sai da ya zo da ƙafarsa. Ya lura da wuya a kwantar da yaron wannan unguwa saboda gudawa ko ciwon huhu, wanda kuwa aka turo, da wuri yake zuwa da takarda a hannu. Ya zauna kan benci awa guda yana kallonta tana aiki, ya miƙe ya ce, "Inna, ashe ke kike rage mini aiki."

Ke ce, Inna, mai haƙurin da bai san gajiya ba. Ba a taɓa ba ki lambar yabo ba, don ba wanda ke ƙirga yaran da ba a kwantar ba. Mu mun san su, muna ganinsu suna tafiya makaranta, kuma muna alfahari da ke.

Makon jiya 'yar telan nan, wadda yanzu ta girma, ta shigo da nata jaririn a goye. Ta ce, "Inna, na ƙirga a gida, talatin da takwas ne, amma na ce gara ki gani." Inna ta yi dariya, ta share ido, ta jawo agogonta ta ƙirga duk da haka.

Mun gode, Inna, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma masu hawa kujerar bayanta, komai tsawon layi, ku ɗage rigar, ku ba yaron minti ɗayansa.