Sandar Kaka a Bakin Kududdufi

Jiya na ga yara suna wanka a kududdufinmu, sai na tuna Kaka. Tun da masu binciken tsargiya suka nuna mata dodon-koɗin da ke yaɗa cutar, ta tare a bakin ruwan da sandarta, tana ƙamshin man kaɗanya.

Ranar da ta cafke ni a ciki, har garin Tsanyawa an ji ihuna.

Kawu ya ce, "Inna, fitsarin jini ai alamar balaga ce."

Ta nuna ni ta ce, "Balagar banza! Angona ba zai yi fitsarin zoɓo ba."

Yanzu sandar tana hannuna. Ko da Kawu zai yi ta dariyarsa, ba yaron da zai sake shiga. Allah ya jiƙan Kaka, ya shayar da ita daga tafkin Alkausara.