Majanyin da Ya Saƙa Mini

Mijina masaƙi ne a Ƙofar Ruwa. Ranar da aka zo tafiya da ni gidanmu goyon ciki, bai iya ce mini komai ba, don gwaggona tana tsaye a bakin ƙofa. Sai ya tura mini wani ɗan ƙunshi da ƙafa, ya kau da kai. Majanyi ne, fari mai ratsin ja, shi ya saƙa shi a ɓoye. A shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai ne, ina da ƙuruciya, zuciyata cike da mafarki. Duk hanya har Ƙofar Na'isa abu ɗaya nake hangowa: ranar da zan gama arba'in, in sha lalle, in goya jaririna da majanyin nan, in yi sallama a zaure, shi kuma ya ɗago kai daga saƙa ya gan mu.

Na haihu lafiya, namiji. Aka ɗora babbar tukunyar wankan jego. A wurin iyayenmu, maijego ba ta da maƙiyi kamar sanyi, maganinsa kuwa wuta. Safe da yamma ruwa zai tafasa, Gwaggo ta tsoma ganyen runhu ta fyaɗa mini a jiki, ni kuwa in yi ta ihu har maƙwabta su ji.

"Ke 'yar nan, wannan raki haka?" in ji Gwaggo. "Mu da muka yi tara fa?"

Kakata tana daga inuwa da jaririn a cinya, sai ta ce, "Bar ta ta yi. Angona, kana jin uwarka tana ba mu kunya?"

Shi yaron, ɗan fari ne, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, ba na kiran sunansa. In an miƙo shi in ba shi nono, a karɓe. Ban damu ba. Ina ganin bayana yana nan yana jiransa.

Bayan suna na yi ɗan zazzaɓi ya wuce. Wata safiya kuma sai na ji ciwo a tsakiyar bayana kamar an soka basilla, sannan wani abu ya ɗaure ni ƙasan haƙarƙari kamar ɗamara. Tafin ƙafafuna suka ɗauki tsikari, sai ka ce cinnaku na yawo a ciki. Kafin la'asar ƙafafun sun yi nauyi, fitsari ya ƙi fita. Na ce, "Gwaggo, ba na jin ƙafata."

Ta taɓa ta, ta dubi Inna. "Na faɗa muku. Sanyi ne ya shige ta. A ƙara itace."

Da yammar nan a kan kujera aka zaunar da ni, Inna na riƙe da kafaɗuna. Ina ganin tururi yana tashi daga cinyoyina, amma ko ɗumi ban ji ba. Kamar jikin wata nake kallo. Da Gwaggo ta ji shiru, sai ta yi murmushi.

"Yauwa! Yau kika zama mace. Kun ga, da ta daina raki ai ga shi ruwa ya fara shiga."

Na yi murna da wannan yabo, Allah Ya sani. Ba wanda ya gane cewa ihun da suke yi wa dariya shi ke gaya wa Gwaggo ta ɗaga hannu.

Tunda na kasa tsayuwa, sai suka ce a haɗa da gashi. Aka zuba garwashi ƙarƙashin gadon ƙasa, aka kwantar da ni rigingine. Daga ƙirji zuwa sama ina gumi, daga nan zuwa ƙasa shiru. Kakata ce ta fara cewa tana jin ƙauri. Da suka zo juya ni, zanen ya manne da bayana. Ban ji zafi ba, salatin Inna kawai na ji. Gwaggo kuwa ta durƙusa ta riƙe baki.

Baba ya sa aka ɗauke ni a kan ƙyauren ƙofa zuwa asibiti. Likita ya ɗauki allura yana ɗan tsikara ta daga yatsun ƙafa yana hawowa, malamin asibiti yana tambayata, "Kin ji? Nan fa?" Sai da ta kai ƙasan haƙarƙari na zabura. Malamin ya bayyana wa Baba cewa cikin ƙashin baya akwai laka, ita ke kai saƙo tsakanin kai da jiki. Tawa ta kumbura a wuri ɗaya, kumburin ya datse ta, don haka duk abin da ke ƙasa da wurin ba ya ji, ba ya motsi, har mafitsara. Ya ce ba haihuwar ce ba, ba kuma sanyi ba ne. Sai da na tsufa na ji likitocin yanzu suna kiran ciwon transverse myelitis.

Sannan ya ƙara da abin da har yau nake juyawa a raina. Ya ce wasu ƙafafunsu kan dawo in kumburin ya sauka, amma ni ƙunar ce za ta fi ba su wahala, don fatar da ba ta ji ba ta saurin warkewa.

Haka kuwa aka yi. Watanni na kwanta rubda ciki. Nonona ya ƙafe. Mijina kan zo ya tsaya a bayan taga, ya ce, "Yaya jiki?" in ce, "Da sauƙi," shi ke nan. Wata rana babban yatsan ƙafata ya motsa, na yi ta kallonsa ina kuka. A hankali motsi ya dawo, amma ba duka ba. Ƙafafun suka zama masu taurin kai, su sandare, su yi ta karkarwa ba da izinina ba. Har yau ruwan alwala sai na gwada da hannu, kuma ba na nisa da banɗaki.

Da aka sallame ni, na tarar da ɗana a bayan Gwaggo, ɗaure da majanyina. Inna ta ce tun ranar da aka fita da ni Gwaggo ba ta sauke shi ba sai za ta yi salla. Ita ta nema masa mai shayarwa, ita ke kai shi tana dawo da shi. Ba ta taɓa yi mini maganar gadon nan ba, ni ma ban yi mata ba. Kullum dai ita ke wanke mini tabon, da ruwan da sai ta tsoma gwiwar hannu tukuna.

Kafin in iya tsayuwa da sanda, yaro ya fara tafiya. Wani hantsi da gida ya yi shiru, na ce, "Gwaggo, ɗora mini shi."

"'Yar nan, ɗan fari ne fa."

"Na sani. Ɗora mini."

Ina zaune a tabarma ta ɗora shi, ta zagayo da majanyin. Ya riga ya koɗe, ratsin jan ya zama ruwan ƙasa. Na ji hannuwansa a kafaɗuna, na ji numfashinsa a wuyana. Amma cikinsa da ƙafafunsa, inda suka kwanta a kan tabon, ban ji komai ba. Bai daɗe ba ya fara mutsu-mutsu, yana miƙa wa Gwaggo hannu yana kuka. Na kwance ƙullin da kaina.

Na koma Ƙofar Ruwa a kan jaki, Gwaggo na biye da yaron a baya. Mijina ya ɗago kai daga saƙa ya gan mu.