Sawun Hannun Inna a Bangon Madafi

A lokacin ni sabon malamin makaranta ne a Birnin Gwari, mai ji da kansa da yawan kallon hotunan gidaje a waya. Da hannuna ya ɗan yi nauyi, sai na ƙudura gyara wa mahaifiyata madafinta a ƙauyenmu na Gayam. Na kira wani tsohon kafinta. Maimakon ya zaro tef ya yi awo, sai ya zauna yana kallon Inna tana girki. Ya tambaye ta inda take ajiye gishiri, ya shafa wani baƙin layi da ya bi bango daga ƙofa zuwa murhu. Sannan ya ce kantar ajiye kaya ɗaya zai yi, marar murfi, daidai ƙugunta, kuma kada a taɓa bangon. Na yi mamakin mutumin da aka ba babban aiki yana rage wa kansa. Na sallame shi, na kawo wanda ya kwafi hoton wayata: kabad goma sha biyu reras, farare, duk kama ɗaya, bango ya sha filasta.

Inna ta sa mini albarka, amma cikin wata guda ta bar girki. Matar da ba ta yarda kowa ya taɓa mata ludayi! Na tambaya, ta ce gajiya ce. Abin ya tsaya mini a rai, sai wata Asabar na laɓe a bakin ƙofa. Na ga tana buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya, tana lalube, tana shinshina kowane gwangwani. Ta kai hannu bango, ta ji shi sumul, ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki kamar baƙuwa.

Na koma wa tsohon da kunyata. Ya ce tun ranar farko ya lura yanar ido ta rufe mata gani, baƙin layin nan sawun hannunta ne, da shi take gane hanya. Ya yi shiru ne don ba shi ya kamata ya tona abin da ta ɓoye wa ɗanta ba.

An yi mata aikin ido, ɗaya ya buɗe. Tsohon ya cire murafen, ya kafa mata katako a bango inda layin yake. Har yau abin na yi mini ciwo: baƙo ya gani a yini ɗaya, ni shekaru ina cin tuwonta ban gani ba. Mai shirin gyara wa wani ɗaki, ka ajiye wayar, ka zauna ka kalli inda hannunsa ke zuwa tukuna.