Miyar Bu Tumirah Ta Dawo Gida

A layinmu na bayan kasuwar kifi a garin Tegal, babu wanda ya kai Bu Tumirah riƙon haƙƙin maƙwabci. Tun tana amarya ta ji malami ya ce mai miya ya ƙara ruwa saboda maƙwabta. Ruwan ta ƙara. Yawan gishirin ne babu wanda ya sa ta.

Kowane azumi, da la'asar, takan dafa miyar kifi da madarar kwakwa. Mai azumi ba ya ɗanɗanawa, sai ta juye duka a kwano ta miƙa wa maƙwabciyarta Ngatini ta kan shinge. Mu kuwa kwano ba ya komawa fanko, kuma ba a kushe abincin maƙwabci ko da harshe zai tsage. Bu Tumirah da mijinta Pak Darsum da abin da aka mayar suke shan ruwa. Tun da 'ya'yanta suka koma Jakarta, yabon miyar nan ne kaɗai ke sa ta ji ana bukatarta.

Wata rana aka aiko mata da miya daga ƙarshen layi. Ana kiran salla ta kai cokali baki.

"Pak, ɗanɗana ka ji. Wace baiwar Allah ce ta juye teku a tukunya?"

Pak Darsum ya sunkuyar da kai. Ta sake juya cokali, sai ga ganyen ƙamshi mai ƙulli biyu, ƙullin da babu mai yin sa sai ita. Ashe miyar gida-gida take bi, kowa ya sake mata kwano ya tura gaba da sunan zumunci. Yau wata sabuwar amarya ce ta ɓata lissafi, ta aika da miyar gidan mai ita.

"Dama ka sani?"

"Kin taɓa jin na ce ki rage mana miyar mu sha?"

Kunya ta hana ta cin komai. Da safe ta leƙa shinge.

"Ngatini, shekara da shekaru, ki kasa faɗa min?"

"Yaya, in na faɗa ai kin daina leƙowa. Ni kuma wa zan gani?"

Bu Tumirah ta yi dariya har da hawaye. Da la'asar sai ga kwanon ya sake tsallake shinge.

"Na rage gishiri," in ji ta. "In bai ragu ba, tura shi hagu yau. Mutanen dama sun sha wuya."